Maganata Ta Riga Ni Zuwa Gida

Akwai maganar da kuka tashi kuka tarar tana yawo a danginmu, na kuma san ta kai kunnen kowannenku ko da ba a gabana ba: wai ni ne, lokacin da nake gwamna, na ƙwace fadamar gidanmu ta wajen Bauranya na ba bare. Ke Hadiza kin taɓa tambayata abin da ya hana Baffa Isuhu zuwa ɗaurin aurenki, na ce miki ƙafa ce ke damunsa. Ƙafar tana damunsa, amma ba ita ta hana shi ba. Yanzu da waɗanda zancen zai taɓa duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma kuma na kai shekarun da mutum ke kintsa kayansa, bari in faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe. Abin ya faru ne a shekarar da aka sallame ni daga soja, kuma duk cikin rayuwata ba shekarar da ta cika ni da tambaya kamarta.

Jihar da aka tura ni in riƙe ba tamu ba ce. Can kudu take, inda ko gaisuwa sai da tafinta nake yi. A ƙasar Katsina ba ni da ikon ko ɗaure akuya. Amma mutanen garinmu Mawashi ba ruwansu da wannan bambanci; a wurinsu gwamna gwamna ne, kuma ɗan Malam Abdu ne, shi ke nan. Mahaifin nawa, kakanku, ya rasu tun ina manjo, ya bar makarantar allonsa a hannun ɗalibansa, ya bar gida a hannun ƙanensa Baffa Isuhu, ya bar Inna a ɗakinta. A shekarun da na yi a gidan gwamnati zuwana gida bai wuce na leƙe ba. A shigo da jiniya, a cika zaure, wannan ya miƙo hannu wancan ya miƙo takarda, in shiga wurin Inna in durƙusa, kafin ta gama tambayar lafiyar iyali dogarina ya fara duba agogo. Da sojoji suka miƙa mulki aka ce duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin siyasa ya tuɓe kaki, sai na tattara na dawo gidan da na gina a Kankia. Farkon damina ne. Na wayi gari ba fareti, ba mai sara mini, ba fayil ko ɗaya. Na ga in na zauna haka zan ruɓe, sai na ɗauki ɗabi'ar tuƙa kaina da kaina, in shiga kasuwa, in bi ƙauyuka, in ga yadda mutane ke rayuwa in ba a share musu hanya don zuwana ba.

A kasuwar Kankia aka fara. Ina taya igiyar shanu sai wani dattijo mai sayar da ita ya saki igiyar ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, Allah shi saka maka da alheri. Yarinyar nan ta gama, yanzu haka tana aikin jinya."

"Madalla," na ce. "Wace yarinya?"

"Ɗiyata mana, Sa'a. Wadda na hidda daga makaranta don ta taya uwarta sana'a, ka aiko ka ce in maida ta. Wallahi lokacin na ji haushinka, amma ga shi yau ita ke riƙe da mu."

Na yi murmushi na ce Allah ya yi mata albarka, na tafi ina tunanin ya ɗauke ni wani ne. Bayan 'yan kwanaki na bi ta garin Ƙofa, wasu 'yan'uwa biyu suka tare ni suka ja ni har cikin gidansu don in ga inda katangar take a da. Wace katanga? Ashe sun yi rigimar gado ne har suka raba tsakar gida da katanga, wai ni na aiko na ce a rushe ta kafin azumi, suka rushe. Suka nuna mini sawun tushenta a ƙasa, matansu na leƙowa suna yi mini godiya. Daga nan abin ya zama kamar ruwan sama. Wai na ce a yashe rijiyar bakin masallaci. Wai na ce wani ya daina ɗora wa jakinsa kayan da ya fi ƙarfinsa. Wai na ce a bar wata bazawara ta zauna a ɗakin mijinta har 'ya'yanta su girma. Ni da na san irin umarnin da na yi ta sa wa hannu a can, na kwangila da nadi da kora, sai ga wani gwamnan daban mai sunana, wanda ya san jakin kowa da katangar kowa, yana mulki a ƙasar Kusada ban sani ba. Gaskiya abin bai ba ni tsoro ba a lokacin. Sha'awa ya ba ni. Na ji ina so in haɗu da wannan mutum.

Ba kowa ne ke gode masa ba. Wata rana tayata ta yi faci a hanyar Kusada, na tsaya wurin wani mai faci, matashi ƙaƙƙarfa mai suna Haruna. Ya yi aikinsa bai ɗago ya dube ni ba. Da ya gama ya goge hannu ya ce:

"Yallaɓai, tambaya ɗaya nike so in yi maka. Mi ka gani gare ni da ka ce kada in shiga soja? Ko ganina ba ka taɓa yi ba."

Ya ce tun yana yaro ba shi da buri sai kaki, ya je neman alfarma, aka dawo masa da amsar cewa Gwamna ya ce ya haƙura ya zauna da tsohuwarsa tunda shi kaɗai gare ta. Shekarun ɗauka suka wuce shi yana nan bakin titi. Na dubi ƙirarsa na san da ya yi soja nagari. A nan ne na fara yi wa kowa tambaya guda: wa ya kawo maka saƙon? Shi da mai igiya da mutanen Ƙofa duk amsarsu ɗaya ce, suna ma mamakin tambayar. Ai Inna. In mutum ya kai mata kuka, sai ta ce ya ba ta kwana biyu. Ta sa a kai ta Kankia gidan ɗiyar ƙanwarta Hajiya Binta, inda akwai wayar tarho, ta yi magana da ni, ta dawo da amsa.

Soja ya koya mini cewa kafin ka tunkari wuri sai ka zagaya ka ga bayansa. Don haka ban tafi wurin Inna ba, gidan Hajiya Binta na fara zuwa. Na tarar da wayar a kan kabad, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado. Na ɗaga na kara a kunne, shiru kamar rijiya. Binta ta dube ni, ta rufe baki da mayafi, dariya ta ci ƙarfinta.

"Yaya, wayar nan ta mutu tun kafin in yaye Abba."

"To in Inna ta zo, me take yi?"

"Ta yi salla, in yi mata ɗanwake ta ci, ta kwanta ta huta. In rana ta yi sanyi a sayo mata daddawa da kanwa, a maida ta gida. Wani lokacin dai takan daɗe zaune shiru tana jan carbi, ba ta son a yi mata magana. Ni ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa ce mini in ɓoye ba."

Washegari da hantsi na tafi Mawashi. Na sami Inna a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri, ƙwarya a gabanta. Ku da kuka san ta a ƙarshen rayuwarta kun san ta da ƙaramin jiki da ƙarancin magana. Haka take tun asali. Ba ta kiran sunana, Soja take ce mini tun ranar da na fara sa kaki. Na gaishe ta, na jawo tabarma, na ɗebi gyaɗar ina taya ta. Na daɗe ina neman ta inda zan faro, ni da na saba yi wa kwamishinoni tambaya suna rawar murya.

"Inna, na je gidan Binta. Na ga wayar."

Ba ta daina ɓara ba. "Ka gan ta."

"An ce na yi maganganu da yawa a garin nan."

"Ka yi," ta ce. "Wasu ma sun yi kyau."

Na yi dariya ban shirya ba, ita ma gefen bakinta ya motsa. Sannan ta ba ni labari, a hankali, tana yi tana hura ɓawon gyaɗa. Ta ce tun ranar da aka faɗi sunana a rediyo ƙofar ɗakinta ba ta sake zama tata ba. Da farko da gaske take zuwa Kankia. Binta ta buga mata, wani ya ɗauka ya ce Oga yana taro. Ta koma wani makon, yana taro. Ta sake komawa, ya yi tafiya. Ranar nan ta fito daga gidan Binta ba ta san abin da za ta ce wa matar da ke jiranta a gida ba, bazawarar nan da ake shirin fitarwa daga ɗakinta da 'ya'ya ƙanana. A cikin mota ta yi ta juya abin. Da ta sauka ta tarar da matar zaune inda ta bar ta, sai kawai ta ji bakinta ya ce, Gwamna ya ce a bar ki. Kafin la'asar an bar ta.

"Na ga abin da na yi shekara ina roƙo ba a yi ba, kalma ukku ta yi shi," in ji ta. "In na ce ni Hajara na ce, tsohuwa ce ke surutu. In na ce kai ka ce, sai a miƙe."

"Amma Inna, ba ki ji tsoron ƙarya ba?"

"Na ji. Ubanka ya karantar da mu cewa wanda ya ƙara magana don ya shirya tsakanin mutane ba a rubuta shi maƙaryaci. Da wannan na riƙe. Amma ban sani ba ko duk abin da na yi shiri ne, shi ya sa nike istigfari. Na yaron nan mai faci yana damuna har gobe. Uwarshi ta zo ta yi mani kuka, na duba hawayenta ban duba shi ba." Ta ɗago ta dube ni karo na farko. "Kuma ni ban taɓa hwaɗin abin da na san ba za ka hwaɗa ba. Sai in zauna in ce, in da Soja na nan, ya ji wanga zance da kunnenshi, mi za shi ce? In ba ka ce hakan ba, to ba ni na haife ka ba."

Na tambaye ta na Baffa Isuhu. Tun dawowata na lura da shi. Na je gaishe shi ya amsa a taƙaice yana kallon bango, na kai masa buhun taki ya sa aka mayar mini da shi mota. Da na ambaci sunansa sai Inna ta ture ƙwaryar gefe.

Ga yadda abin yake. Tun zamanin kakana, a wata shekarar yunwa, wani mutum mai suna Tanko ya gangaro daga wajen Maraɗi da matarsa da jariri. Kakana ya saukar da shi, ya nuna masa wani yanki na fadamarmu ya ce ya noma. Lokacin fadamar ba ta da wata daraja, ciyawa ce da sauro. Tanko ya noma har ya mutu, ɗansa Mamman ya ci gaba, ya haifi nasa 'ya'yan a kanta. Sai zamani ya juya, injin ban-ruwa ya shigo, noman rani ya zama abin nema, albasa da tumatir suka fi gero kawo riba. Ina hawa kujera Baffa ya aika wa Mamman cewa aro ya ƙare, ya tashi bayan kaka. Mamman ya je wurin masu faɗa a ji, kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai ja da baffan gwamna? Sai ya zo wurin Inna. Ta tafi Kankia, ta ci ɗanwakenta, ta dawo ta aika a kira Baffa, ta ce masa a gaban mutane: Gwamna ya ce gonar da aka binne cibiyar ɗiyan mutum a cikinta ba a tashinsa, a bar ma Mamman wurinsa. Baffa ya tashi ya fita. Bai sake taka fadamar ba, bai kuma sake ambaton sunana ba.

"To Inna, aro ne ko kyauta?"

"Ina amarya lokacin. Ni na kai masu fura gona ranar. Na ji kakanka ya ce, Tanko, noma ka ci kai da ɗiyanka. Iyakar abin da na ji ke nan."

Wannan jimla ta hana ni sukuni har tsakiyar damina. Noma ka ci kai da ɗiyanka. Na ɗauka in na bi diddigi zan kai ga gaskiya, kamar yadda ake binciken laifi a bariki. Na je Bauranya wurin wani tsoho da aka ce ya yi noma tare da Tanko. Ya ce kyauta ce, kowa ya sani. Na je wurin wani tsohon ɗalibin mahaifina a Kusada. Ya ce aro ne, don duk kaka Tanko yakan kawo damin gero gidanmu, wanda aka ba kyauta kuwa ba ya kawo dami. Na koma wurin na Bauranya da wannan, ya ce damin na godiya ne, shi ma yana kai wa surukinsa dami, ko surukin nasa ne ya ara masa gona? Na tambayi malamai hukuncin irin wannan lafazi, suka ce ya danganta da niyyar mai faɗa da al'adar wuri, mai faɗar kuwa yana kabari. Na je fadamar kanta. Na tarar da Mamman da 'ya'yansa cikin shinkafa, ruwa har ƙauri. Ya fito yana goge laka a riga, ya durƙusa, na ɗaga shi. Ya zaga da ni ya nuna mini mangwaron da ubansa ya dasa, da rijiyoyin da suka haƙa, da inda suka tare zaizaya da duwatsun da suka yi ta ɗaukowa a ka. Bai roƙe ni komai ba, don a saninsa na riga na yanke hukunci. Na dawo gida da sanin fadama fiye da da, amma ban ƙaru da komai ba a kan tambayata. Har yau da nake rubuta wannan ban san ko aro ne ko kyauta ba. Duk wanda ya ce muku ya sani, ya fi ni.

Yawon tambayar nan nawa shi ya jawo abin da ya biyo baya. Garinmu ba a ɓoye tafiya. Labari ya kai wa Baffa cewa Salisu na bin tsofaffi yana tambayar asalin fadama, shi kuwa ba yaro ba ne: wanda ya yanke hukunci ba ya dawowa daga baya yana neman shaida. Ranar wata Juma'a bayan an sauko ya aika a kira ni zauren gidanmu. Na tarar da shi zaune a kan buzun mahaifina, 'ya'yansa maza a gefe, da limamin gari, da wasu dattawa. Ƙofar da ke shiga cikin gida a buɗe take, labulen asabari ne kawai, na kuma ga inuwar ƙafafu a ƙarƙashinsa. Na san ƙafafun.

"Salisu," in ji Baffa, "ba ni da doguwar magana. Ga liman, ga dattawa. Maganar da aka kawo mani a kan fadama, kai ka hwaɗe ta ko ba kai ba?"

Na fahimci abin da ke gabana sarai. In na ce ba ni ba ne, na wanke kaina, na dawo da baffana, kuma gaskiya na faɗa. Amma kafin magariba Mamman zai ji cewa ya tashi, 'yan'uwan Ƙofa za su tuna inda tushen katangarsu yake, a kuma ce matar Malam Abdu ta yi shekaru tana yi wa gari ƙarya. In na ce ni ne, na yi ƙarya a gaban liman ranar Juma'a. Na nemi wata hanya tsakanin biyun, irin wadda muka ƙware a kai a gidan gwamnati, inda za ka yi magana mai tsawo ba ka ce komai ba. Na dubi fuskar Baffa na ga ba zai karɓa ba. Sai na tambayi kaina tambayar da Inna ta ce tana yi: da ina nan, na ji da kunnena, na ga mangwaron nan da rijiyoyin nan, me zan ce?

"Baffa, maganata ce," na ce. "A bar wa Mamman wurinsa. Ina nan a kanta."

Ban ce na faɗa a wancan lokacin ba, amma na san yadda za a ji ta, don haka ba na fakewa da wannan. Na ce wa Baffa gonata ta tudu, wadda na gada daga mahaifina, na ba shi ita halak malak a madadin fadamar. Ya ce shi ba maroƙi ba ne, ba kuma gona ce ta dame shi ba. Ya ce yaron da ya goya a kafaɗa ya kai kallon dambe shi ne ya kunyata shi a gaban baƙi, ta bakin mace, ko takowa bai yi ba. Ya miƙe ya naɗe buzun ya fita, 'ya'yansa suka bi shi. Da na shiga cikin gida na tarar Inna ta koma ɗaki. Ba ta yi mini godiya ba, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba har ta rasu. Abu ɗaya dai, daga ranar ta daina zuwa Kankia buga waya. In an kawo mata kuka sai ta ce, ga shi can ya dawo, ku tahi ku same shi. Suka kuwa zo. Na gano cewa sauraron rigimar iyakar gona ya fi zaman majalisar zartarwa wuya, kuma hukuncina bai cika kaiwa nata kyau ba. Haruna mai faci na je na same shi na ce masa an zalunce shi, ban faɗa masa wane ne ba. Na nemi in buɗe masa shago a Kankia, ya ce ya gode, yana nan inda aka ajiye shi. Bai taɓa sakin fuska da ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Fushin Baffa ya yi tsawo. Bai zo sunan ƙaninku Abdullahi ba, bai zo aurenki ba Hadiza, alhali shi ya kamata ya ba da ke. Kowace salla ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, ya amsa wa bango. 'Ya'yansa suka tashi da abin a ransu, suka ba nasu 'ya'yan, shi ne ya gangaro har ya iso kunnuwanku. Ranar da Inna ta rasu shi ya shiga kabarin ya karɓe ta, na ga yana kuka kamar yaro, amma da na miƙa masa hannu a wurin zaman makoki yatsu kawai ya ba ni.

Bayan rasuwarta da kamar shekara biyu ciwon ƙafar nan ya kwantar da shi. Wata safiya da rani babban ɗansa ya zo Kankia, yana sunkuyar da kai, ya ce an ce a kai tsoho babban asibiti, motar da suka yi magana da ita kuma ba ta zo ba. Na ɗauki makulli. Muka kwantar da kujerar gaba muka sa shi, ɗan nasa ya zauna a baya. Muka fito daga Mawashi. Ban yi niyyar bi ta wajen fadamar ba, shi ya ɗaga hannu ya nuna mini hanyar, na bi. Da muka kawo daidai wurin ya ce in rage gudu. Albasa ta yi kore shar, injin yana ta bugawa, jikokin Tanko suna jan tiyo.

"Salisu," ya ce, bai juyo ba. Rabon da ya kira sunana tun ranar zauren nan. "Na san ba kai ba ne."

Na riƙe sitiyari da kyau. "Baffa?"

"Tun ranar da aka hwaɗa mani na sani. Cibiyar ɗiyan mutum. Yaushe soja ya san inda ake binne cibiya? Wagga magana ta Hajara ce, ko cikin barci na ji ta na gane ta."

Na tsayar da motar a gefen hanya. Tambayoyi suka taso mini gaba ɗaya, na rasa wadda zan fara da ita. Na ce to me ya sa ya tara mutane ya tambaye ni? Ya ce yana so ya ga ko zan sayar da uwata don in saye shi; da na yi, da ya karɓi fadamar, amma da bai ƙara kallona a matsayin ɗan wansa ba. Na ce to tunda ya sani, kuma ban sayar da ita ba, fushin shekara da shekarun nan fa na mene ne?

Sai ya ce:

"Ina da shekara bakwai aka kawo ta gidanmu, uwata ta rasu. Ita ta yi mani wanka, ita ta cire mani ƙaya. An ƙwace mani fadama, dole in yi hushi da wani. Da ita zan yi?"

Ɗansa a baya ya sa hannu ya rufe fuska. Ni kuwa na zauna ina kallon wannan tsoho da na yi shekaru ina gaishe da ƙeyarsa, na ga ashe ban san shi ba, kamar yadda ban san Inna ba sai da na tuɓe kaki. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, idonsa na kan fadamar.

"Sun cika ma albasar nan ruwa, za ta ruɓe," ya ce. "In ka dawo ka hwaɗa masu. Ka ce Gwamna ya ce. Tada mota mu tahi."